Gwajin korona a Ingila: gwamnati ta yi tsimi, ma'aikatan jinya suka biya

Ranar 1 ga Afrilun 2022 gwamnatin Birtaniya ta daina raba wa mutanen Ingila kayan gwajin korona kyauta. A wannan ranar ce kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasar, ONS, ta fitar da alƙaluman da ke nuna cewa mutum miliyan 4.9 ne ke ɗauke da cutar a faɗin Birtaniya a makon da ya ƙare ranar 26 ga Maris. A Ingila kaɗai, mutum 1 ne cikin kowane 13. Tun da hukumar ta fara wannan ƙidaya a 2020 ba ta taɓa ganin adadi mai yawan wannan ba. A daidai lokacin da cutar ta fi yawo a gari aka ce duk mai son ya san ko ya kamu ya sa hannu a aljihu.

Ban ga laifin gwamnatin Boris Johnson ba don ta ce rabon kyauta ba zai dawwama ba. Da yake gabatar da shirinsa na zama da korona a majalisa ranar 21 ga Fabrairun 2022, Johnson ya ce harkar gwaji da bibiyar masu cutar ta ci fam biliyan 15.7 a shekarar kuɗi guda, kuma a watan Janairu kaɗai ta lashe fam biliyan 2. Wannan ba kuɗin wasa ba ne ko ga ƙasa mai arziki. Yawancin manya sun yi rigakafi, da yawa har karo na uku, nau'in Omicron kuma bai cika kai mutum ɗakin kulawa ta musamman ba kamar Delta da ya gabace shi. Mutane sama da miliyan 6 na jiran a yi musu aiki ko a duba su a asibitocin gwamnati. Duk wanda ke riƙe da baitulmali zai tambaya ko bai fi a kai kuɗin can ba. Tambayar halal ce.

Abin da nake ƙalubalanta shi ne abin da aka fara cirewa da abin da aka bari, da kuma wanda aka bar wa nauyin. Kuɗin da gwamnati ta daina kashewa bai ɓace ba, wuri ya sauya. Kaso mai tsoka ya koma kan ma'aikatan jinya, da masu shara da masu tura marasa lafiya a asibiti, da kuma, fiye da kowa, masu kula da tsofaffi, waɗanda su ne mafi ƙarancin albashi a duk harkar lafiyar ƙasar.

Wanda bai taɓa riƙe kayan gwajin ba zai ɗauka wani babban abu ne. Ɗan kwali ne mai ɗauke da gwaji 7. Ka zaro siririn tsinke mai auduga a baki, ka zura a hanci ka juya har idonka ya kawo ruwa, ka tsoma shi a 'yar robar ruwan magani, ka matse ɗigo biyu a kan wata 'yar farar roba da ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba. Sai ka jira minti 15 zuwa 30. Layi ɗaya, ka sa takalmi ka tafi aiki. Layi biyu, ka ɗauki waya. Daga ƙarshen 2020 zuwa 2022 ma'aikatan hukumar lafiya ta NHS da ke mu'amala da marasa lafiya sun riƙa yin haka sau biyu a mako, yawanci a kan teburin kicin kafin su fita da asuba.

Amfanin wannan 'yar roba bai tsaya ga gano cuta ba. Ita ce shaidar da ma'aikaciya za ta nuna wa shugabar sashe a ce mata ta zauna a gida ba tare da an ɗaure mata fuska ba. Kafin korona, al'adar asibiti a can ita ce ka haɗiye maganin ciwon kai ka zo aiki, domin in ba ka zo ba abokan aikinka ne za su sha. Layi biyu ya karya wannan al'ada na ɗan lokaci. Ba a tambayar ko da gaske ne ba ka da lafiya. Ga shi nan a rubuce, ga kuma doka a baya, ga albashi yana shiga.

Waɗannan ukun, wato gwajin da dokar da albashin, tare suke aiki. Gwamnati kuwa ɗaya bayan ɗaya ta riƙa zare su.

Da Johnson ya yi jawabinsa na Fabrairu, bai fayyace makomar gwajin ma'aikatan lafiya ba. Jaridun ƙasar sun ruwaito cewa a safiyar ranar ma sai da aka jinkirta zaman majalisar ministoci saboda taƙaddama tsakanin ministan lafiya Sajid Javid da ministan kuɗi Rishi Sunak kan inda kuɗin ragowar gwajin zai fito. Makonni biyar ma'aikata suna cikin duhu. Ƙa'idar aiki na cewa su yi gwaji sau biyu a mako, gwamnati kuma na cewa daga Afrilu sai da kuɗi. Ƙungiyar shugabannin cibiyoyin lafiya, NHS Confederation, ta yi gargaɗin cewa ma'aikaci zai iya kashe kusan fam 50 a wata daga aljihunsa don kawai ya samu damar zuwa aiki. Ƙungiyar likitoci ta BMA da ta ma'aikatan jinya ta RCN su ma suka yi ta kuka. Sai ranar 29 ga Maris, saura kwana uku, Javid ya sanar cewa ma'aikatan da ke mu'amala da marasa lafiya, da masu kula da tsofaffi, za su ci gaba da samun gwaji kyauta.

Masu kare gwamnati a nan suke tsayawa. Su ce ai ba a taɓa ma'aikatan lafiya ba, nasu gwajin na nan, to kukan me ake yi? Wannan magana tana ɗaukar ma'aikaciyar jinya kamar wadda aka haifa a asibiti kuma a can take kwana. Alhali tana da miji da ke tuƙa motar haya, tana da yara a makarantar firamare, tana shiga jirgin ƙasa a cunkushe safe da yamma. Kwalin da aka ba ta nata ne ita kaɗai. In ɗanta ya tashi da tari, ko dai ta sayi gwaji a kanti a kan fam 2 ko fiye kowane ɗaya, ko ta ɗebi nata ta yi masa, ko ta bar abin ga Allah. Kuma da gwajin jama'a ya ragu, masu zuwa asibiti da masu zuwa dubiya suka riƙa shigowa ba su san abin da suke ɗauke da shi ba. A da mutum kan gwada kansa kafin ya je ganin likita, in ya ga layi biyu ya bugo waya a ɗaga masa rana. Yanzu sai ya zauna a ɗakin jira, ya yi tarinsa, a auna masa jini hannu da hannu. An bar wa ma'aikaciya abin da za ta gane cewa ta kamu, an cire abin da ke rage yiwuwar ta kamu ɗin.

Akwai kuma wata gaskiya da shugabanni ba sa son a furta. A farkon Janairun 2022 ma'aikatan manyan asibitocin Ingila kusan 40,000 ne ba sa bakin aiki a rana guda saboda korona, har aka tura sojoji kimanin 200 su taimaka a asibitocin Landan. A lokacin NHS a Ingila na da guraben aiki wajen 110,000 da ba kowa a kansu. Ga shugaban asibitin da ke neman wanda zai tsaya a sashen gaggawa da daddare, duk gwajin da ya nuna layi biyu giɓi ne a jadawalin aiki. Shi ya sa aka rage kwanakin killace kai daga 10 zuwa 7 a Disambar 2021, sannan zuwa 5 a tsakiyar Janairu. Ba na cewa an zauna an ƙulla a daina gwaji don a ɓoye masu cuta. Amma duk tsarin da ke ƙarancin hannu yana da ribar da yake ci idan bai sani ba. Ma'aikacin da ba a gwada ba, a takarda lafiyarsa ƙalau.

Haka aka ci gaba da zarewa. Ranar 31 ga Agustan 2022, a zamanin ministan lafiya Steve Barclay, aka dakatar da gwajin yau da kullum na ma'aikatan da ba su nuna alamar ciwo ba, a asibitoci da gidajen tsofaffi. Daga Afrilun 2023 ko mai alamar ciwon ma ba a ce lallai ya yi gwaji ba, sai 'yan tsiraru, irin masu aiki da marasa lafiyar da garkuwar jikinsu ta yi rauni sosai da masu jinyar waɗanda ke gab da ajali. Alƙawarin 29 ga Maris wata biyar kawai ya yi yana aiki yadda aka faɗe shi.

Amma inda ɓarnar ta fi muni ba a gwajin kansa take ba, a albashin jinya take, wato kuɗin da ake biyan ma'aikaci idan rashin lafiya ta hana shi zuwa aiki, kuma a nan nake son mai karatu ya ɗan tsaya.

Ranar 24 ga Fabrairun 2022 aka soke dokar da ta tilasta wa mai korona ya killace kansa, aka kuma soke tallafin fam 500 da ake ba masu ƙaramin ƙarfi idan an ce su zauna a gida. Ranar 24 ga Maris aka soke sassaucin da ya sa ake biyan mai korona kuɗin rashin lafiya na gwamnati tun daga ranar farko. Ranar 31 ga Maris kuma asusun da aka kafa a Mayun 2020 don daƙile yaɗuwar cuta a gidajen kula da tsofaffi ya ƙare. Da wannan asusun ne masu gidajen ke biyan ma'aikaci cikakken albashinsa idan ya kamu ya zauna a gida. Duka cikin mako biyar.

Mu ɗauki mace mai kula da tsofaffi, irin wadda ke bin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Da safe ta buɗe ƙofar wata tsohuwa mai shekara 88, ta rungumo ta daga gado ƙirji da ƙirji, ta kai ta banɗaki, ta yi mata wanka, ta shafa mata mai, ta ba ta magani da shayi a baki. Ba yadda za a yi wannan aiki daga nesa, numfashinsu ɗaya. Daga nan ta wuce gida na biyu, na uku, har yamma. Mafi ƙarancin albashi a Afrilun 2022 fam 9.50 ne a awa, kuma da yawansu abin da suke samu ke nan ko 'yan kwabbai a sama. Awa 40 a mako ya kama fam 380. To ta yi gwajin da gwamnati ta bar mata kyauta, ya nuna layi biyu. Ƙa'ida ta ce ta nisanci aiki aƙalla kwana 5. Yawancin kamfanonin da ke wannan harka masu zaman kansu ne, da dama daga cikinsu kuma ba sa biyan komai sama da abin da doka ta tilasta, wanda a lokacin shi ne: fam 99.35 a mako, kuma kwana ukun farko babu ko sisi. Mai aikin kwana biyar a mako, in ta zauna kwana biyar ɗin, abin da zai shigo mata kusan fam 40 ne maimakon 380. Kuɗin haya kuwa bai san ta yi rashin lafiya ba, kuma shekarar ce farashin gas da lantarki ya yi tashin gwauron zabi, hauhawar farashi ta haura kashi 11 cikin 100 a watan Oktoba.

Me ake tsammanin za ta yi? Wadda ta yi gwajin ta faɗi gaskiya, ta yi asarar albashin mako. Wadda ta bar kwalin a rufe, ta ce mura ce kawai, ta sa takunkumi ta tafi, ba abin da ya same ta. An gina tsari da ke hukunta mai gaskiya, sannan aka ce wai an bar wa kowa ya yi amfani da hankalinsa. Ni ban yarda a kira wannan zaɓi ba. Kuma idan tsohuwar ta kamu, ba minista ne zai kwana yana tunanin ko shi ya kai mata ba.

Abin takaicin shi ne gwamnati ta san haka, da hujjar da ita ta biya aka tattara. Binciken Vivaldi da aka yi a gidajen tsofaffi na Ingila a 2020 ya gano cewa gidajen da ke biyan ma'aikatansu albashin jinya sun fi ƙarancin kamuwa a tsakanin tsofaffin da ke zaune a cikinsu, gidajen da ke yawan ɗaukar ma'aikatan haya masu yawo daga wannan gida zuwa wancan kuma sun fi yawan kamuwa. Ba sai an yi dogon nazari ba: mutum zai zauna a gida idan zaman ba zai jefa shi cikin yunwa ba.

Wani zai ce mu ina ruwanmu da matsalar Turawa, ai fam suke karɓa. Ruwanmu na nan. Ranar 15 ga Fabrairun 2022, kwana shida kafin jawabin Johnson, Birtaniya ta buɗe ƙofar bizar aiki ga masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, domin fannin na fama da guraben da suka kai 165,000 a wannan shekara. Najeriya na cikin ƙasashe uku da suka fi cika waɗannan gurabe, tare da Indiya da Zimbabuwe. Dubban 'yan'uwanmu sun sayar da fili, sun ci bashi, sun biya dillalai, suka sauka a ƙasar daidai lokacin da ake kwashe kariyar da aka yi wa aikin. Bizar tasu a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauke su. In aikin ya tafi, kwana 60 ake ba mutum ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara. Ba su da damar karɓar yawancin tallafin gwamnati. Mai irin wannan biza, da bashi a gida da iyaye na jiran ɗan aike, shi ne na ƙarshe da zai kira manaja ya ce ba zai zo ba. Fam ɗin da muke lissafawa da naira a nan muna jinjina kai, a can kuɗin ɗaki da na mota ke cinye shi kafin wata ya raba.

Kuma baƙi sun biya tun farko. Cikin likitocin farko da korona ta kashe a Birtaniya a Maris ɗin 2020 akwai Adil El Tayar da Amged El-Hawrani, dukansu 'yan asalin Sudan, da Dakta Alfa Saadu, ɗan Pategi a jihar Kwara, wanda ya yi ritaya amma ya ci gaba da duba marasa lafiya har cutar ta kama shi. Allah ya jiƙansu. A lokacin babu isasshen gwaji ko ga likitoci, saboda ba a da shi. A 2022 akwai shi jibge, aka ce ya yi tsada.

Ma'aikatan NHS na dindindin sun fi masu kula da tsofaffi gata, amma su ma an zo kansu. Tun farkon annobar aka yi musu tsari na musamman: wanda korona ta kwantar yana karɓar cikakken albashi, kuma ba a lissafa kwanakin a cikin kwanakin rashin zuwa aiki da kan jawo wa mutum zama da shugabanni. Ranar 7 ga Yulin 2022 aka janye wannan a Ingila, waɗanda suka daɗe a kwance kuma aka mayar da su tsarin da aka saba daga Satumba. A tsarin da aka saba, wanda ya shekara biyar yana aiki na samun cikakken albashi wata 6 da rabin albashi wata 6, sabon shiga kuwa wata 1 cikakke da wata 2 rabi. Kwana biyar bayan janyewar, ranar 12 ga Yuli, Sarauniya Elizabeth ta miƙa wa NHS lambar yabo ta George Cross a fadar Windsor saboda jarumtar ma'aikatanta. Ba ita ta janye albashin ba, kuma yabon ya dace. Amma ga wadda ke kwance tana lissafin ranar da albashinta zai koma rabi, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu kwanciyar nan fa ba kaɗan ba ne. Alƙaluman ONS sun sha nuna cewa ma'aikatan lafiya da masu kula da tsofaffi na cikin waɗanda korona mai daɗewa a jiki ta fi addaba: gajiya da ba ta ƙarewa, sarƙewar numfashi, mantuwa, bugun zuciya. A 2023 BMA ta ji ta bakin likitoci kimanin 600 masu fama da wannan larura, kusan 1 cikin 5 ya ce ya kasa komawa aiki. A Nuwamban 2022 kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan cututtukan da ake samu a bakin aiki ya ba da shawarar a amince da wasu larurori biyar da korona ke bari a matsayin ciwon aiki ga ma'aikatan lafiya da na kula da tsofaffi. A nan rashin gwaji ke sake cizo. Duk wanda ya taɓa neman haƙƙinsa a ofis ya san tambayar farko: ina takarda? Yaushe ka kamu, a ina, wa ya tabbatar? Wadda ta kamu a 2021 tana da sakamako a rubuce da kwanan wata. Wadda ta kamu a bazarar 2023, bayan an ce ba sai ta gwada ba, ba ta da komai sai bakinta. Gwajin fam 2 da ba a yi ba na iya zama abin da zai hana ta haƙƙin shekaru.

Dole in faɗi abin da ɗaya ɓangaren ke da shi, domin yana da ƙarfi. Ma'aikata da yawa su kansu sun gaji da tsinken nan a hanci. Akwai waɗanda gwaji ya riƙa nuna musu layi biyu har kwana goma alhali suna jin garau, suna zaune a gida suna kallon saƙonnin abokan aiki da ke neman agaji. Gwajin gaggawar kan kuskure, musamman a farkon kamuwa, ya ce babu alhali akwai. Rashin ma'aikata shi ma yana kisa: motar asibiti da ta makara, tsoho da ya kwana a kan gadon turawa a farfajiya, ciwon daji da ba a gano da wuri ba. Sannan ana cewa mura mai tsanani na kashe dubbai duk hunturu, ba a taɓa gwada ma'aikata sau biyu a mako a kanta ba, me ya sa korona za ta fita daban har abada?

Na karɓi yawancin wannan. Gwada mai lafiya sau biyu a mako ba abu ne da zai ɗore har abada ba, kuma da cutar ta lafa dakatar da shi na da hujja. Amma hujjar mura a wurina juyawa take yi ta kama masu ita. Idan shekara da shekaru ma'aikata na shiga ɗakin tsofaffi da zazzaɓi saboda ba su da halin zama a gida, wannan aibi ne da annoba ta tona, ba mizani ba ne da za a yi marmarin komawa gare shi. Kuma maganin ƙarancin ma'aikata ba shi ne a tura marar lafiya ya harbi abokan aikinsa uku ba. Wanda ya zo aiki da cuta ranar Litinin, giɓin da ya cike shi ne zai dawo ninki biyu ranar Juma'a.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin baitulmali. Mutanen da aka fito ana tafa musu a ƙofar gida duk daren Alhamis a 2020 sun ga yadda aka kwashe mako biyar ana ja-in-ja kan wa zai biya musu kwalin gwaji. Ranar 15 ga Disambar 2022 'ya'yan RCN suka shiga yajin aiki mafi girma a tarihin ƙungiyar mai shekara 106. Batun albashi ne ya kai su, ba gwaji ba, kuma ba zan ɗora wa gwaji abin da bai yi ba. Sai dai mutum ba ya ajiye aiki ko ya ɗauki kwalin zanga-zanga saboda abu ɗaya. Tara su yake yi. Zuwa tsakiyar 2022 guraben da ba kowa a NHS ta Ingila sun haura 130,000.

A Maris ɗin 2023 aka tsayar da ita kanta ƙidayar ONS, wadda ke bin gidaje tana gwada mutane ko suna da alama ko ba su da ita, kuma wadda ƙasashe da dama ke sha'awa. Daga nan shugaban asibiti ya rasa abin da ke gaya masa igiyar cuta na tafe kafin ta iso. Sai ya ga gadaje sun cika, wayar masu neman hutun rashin lafiya ta yi yawa, sannan ya gane.

Da za a bi abin a hankali, da an fara da gyara albashin jinya kafin a taɓa gwaji. A tabbatar duk mai taɓa jikin marar lafiya ko tsoho, ko ma'aikacin gwamnati ne ko na ɗan kwangila ko na haya, zai samu albashinsa cikakke na kwanakin da ƙa'ida ta hana shi zuwa aiki. A bar gwaji kyauta ga mai alamar ciwo a cikinsu da mutanen gidansa. Bayan nan a rufe rabon gama-gari, wanda shi ne ke cin biliyoyin. Ma'aikatan NHS da na kula da tsofaffi a Ingila gaba ɗaya ba su wuce miliyan 3 da ɗoriya ba a ƙasa mai mutum miliyan 56, kuma ba dukansu ke kwanciya a mako guda ba. Abin da za a kashe a kansu ɗan ƙaramin yanki ne na abin da aka yi tsimi.

Sai a Oktoban 2024, bayan jam'iyyar Labour ta karɓi mulki, aka gabatar wa majalisa ƙudurin dokar haƙƙin ma'aikata da ya ƙunshi soke kwana ukun nan da ba a biya, da kuma shigar da masu ƙaramin albashin da a da ba su cancanci komai ba. Gyara ne mai kyau, amma kuɗin mako-makon bai kai ko kusa da albashin mai aikin awa 40 ba, don haka lissafin matar nan mai bin gidaje bai sauya sosai ba. A Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbin masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Waɗanda suka shiga a 2022 da 2023 suna nan suna aikin, yawancinsu har yanzu da biza a hannun kamfani.